Tsakaninmu Har da Takarda?

Ranar da na shiga gidanka a Rikkos, Sallau,
ruwan Agusta na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Na ƙirgo dubu tamanin a kan bencin Idi mai shayi,
kuɗin ajiya, ban da na shekara.
Na ce a rubuta.
Ka ture biron da bayan hannu kana dariya:
"Haba Mamuda, tsakaninmu har da takarda?
Mu da muka rufa da bargo ɗaya a makarantar kwana?"
Kunya ta kama ni, na mai da biro aljihu.
Idi ya ƙara mana madara. Shi ke nan shaidarmu.

Shekara uku na yi a ciki.
Silin ɗin falo na tarar da shi da cikin wata tara,
duk damina ni da bokiti muke renonsa.
Famfon bayi sau biyu ina canza shi,
ban kawo maka lissafi ba.
Daren da ƙanƙara ta fasa gilashin taga
washegari na sayo wani a Katako,
na ce ai gidan Sallau gidana ne.

Sai ga notis a waya, layi biyu, ba ko sallama:
ƙaninka zai tare, a fita ƙarshen wata.
Baƙon da ka tsinta a titi ma, da ka ba shi watanni.
Ni da nake aboki
kwana ashirin da ɗaya na samu.

Muka kwashe.
Uwani ta durƙusa ta goge tayil har sai da ya nuna fuskarta.
Na zo karɓar ajiyata,
ka zaro takarda.
Ashe kana da biro, Sallau.

Fenti, dubu talatin.
Silin, ashirin da biyar,
silin ɗin da ya girme ni a gidan.
Baƙin hayaƙin kicin, ƙusa huɗu a bango,
kuɗin wuta na watan da taransifoma ta ƙone.
Da ka gama tarawa, ni ake bi dubu shida.

Mai unguwa ya ce, "Ina rasit?"
Na buɗe tafin hannuna na duba.
"To, shaida fa?"
Idi ya koma garinsu tun bara.
Wani ya ce a ɗauko Alƙur'ani, na ce a bari.
Ba zan tsaya ina kallo ka dafa ba.

A gidan suna Uwani ta jiyo sauran labarin:
kuɗin sun tafi tun shekarar da aka kwantar da Inna,
Innar da ta sha zuba mini gwate har da ƙari.
Da ka ce, "Mamuda, babu,"
wallahi da na ce Allah ya ji ƙanta, a rufe maganar.
Babu ba zagi ba ce.
Amma ka zaɓi a ce ni na ɓata maka gida.

Yanzu ina Tudun Wada, gidan Baba Gyang,
tsohon ma'aikacin kuza, bai san ko sunan ubana ba.
Ranar shiga ya zagaya da ni, tabarau a kan hanci,
ya rubuta tsagar bango,
ya rubuta ƙyauren da ke kuka,
muka sa hannu, kowa ya riƙe nasa.
Da safen nan ya aiko mana da dankali a kwando.

Juma'ar da ta wuce sahu ya haɗa mu,
kafaɗarka a jikin tawa, ƙafa da ƙafa.
Da liman ya sallame na juya dama,
sai fuskarka.
Na furta sallamar, ban san wa na yi wa ba.
Ka ɗauki takalmanka ka bi ta ɗaya ƙofar.

Makullinka na biyu yana nan a aljihun kaftanina.
Na so in miƙa maka,
sai na tuna ban san nawa za ka rubuta a kansa ba.